Ranar Da Na Yi Wa Surukaina Girkin Italiya

A ƙasarmu ta Gwarzo ba a tambayar baƙo ko abinci ya yi daɗi. Kwano ake dubawa. In ya dawo da saura an fita kunya, in kuwa ya dawo a suɗe, a cikin gida za a kwana ana ƙus-ƙus cewa tuwon bai isa ba. Da wannan ƙa'ida na tashi, ina kuma bin ta, har ranar da ofis ya tura ni taron bita Abuja, inda wani otal ya rushe mini tarbiyya cikin hutun rabin awa.

Wasu samari ne masu fararen riguna suka riƙa zagaya mu da faranti. A kai an jera 'yan yanka-yankan gasasshen burodi, kowanne loma guda, an shafa cuku, an ɗora jan nama siriri. Sai da na tabbatar naman sa ne sannan na kai baki. Na tambayi sunan abin, aka ce crostini, na mutanen Italiya ne, ana ba baƙo ya ɗan taɓa kafin a kawo abinci na gaske. Duk bayanin ya shiga kunnena, ban da wannan jelar ta ƙarshe.

Da na dawo gida na shiga bincike a waya. Burodinsu mai tauri ne, ba sukari, na yankin Tuskani ma ko gishiri ba a sa masa. Su shafa man zaitun, su gasa. Naman da suka fi ji da shi, prosciutto, cinyar alade ce da ake cika wa gishiri a rataye fiye da shekara. A'uzubillahi. Amma suna da na sa, bresaola, wanda ake busarwa a tsaunukan arewacin ƙasar. Nan na tafa hannu na ce ashe duk burgar nan a kan kilishi ake yin ta! Mu da muke da Agadasawa a birni, ga kuma Buzaye suna shigo mana da cuku daga Nijar, wa zai nuna mana wayewa?

Lokacin uwargida tana Kabo wankan jego, haihuwar fari, ni kaɗai a gida ina gwauranci. Ran nan bayan Azahar ta kira, ta ce Kawu da Baffa da wani dattijo maƙwabcinsu sun tafi ta'aziyya Getso, in sun taso za su biyo su ga gida.

"Don Allah ka leƙa gidan Iya ka ce a ɗora tuwo."

"Ki bar mini wannan."

"Me za ka dafa?"

"Ba dafawa ake yi ba, haɗawa ake yi."

Ta yi shiru har na zaci katin ne ya ƙare. Can ta ce, "To, Allah ya kyauta."

Burodi da kilishi ba su ba ni wahala ba, a tasha na same su, sai dai kuɗin kilishin kaɗai ya isa a tuƙa tuwon gida guda har da nama a miya. Cuku ne aiki. Duk inda na tambaya, sai a nuna mini yarinya mai suyar awara. Ina bayanin cewa awara waken suya ce, ni na madara nake nema, ana yi mini kallon wanda boko ya taɓa. Daga ƙarshe wani Buzu mai sayar da ganyen shayi ya kwance ƙullin leda, ya zaro mini falle uku, fari-fari, da shatin tabarmar da aka shanya su a kai. Ya ce daga wajen Tawa aka kawo. Bai faɗi yaushe ba, ni ma ban tambaya ba.

Man zaitun kuwa a garinmu wuri ɗaya ake samunsa, shagon magungunan Musulunci. Mai shagon ya miƙo 'yar kwalba, ya sassauta murya.

"Allah ya sawwaƙe, Malam. In shafar iska ce, a haɗa da habbatus sauda."

"Abinci zan yi da shi."

"Haka ne, ana iya sa musu a abinci in sun ƙi sha."

Gas ya ƙare tun makon da uwargida ta tafi, don haka kurfoti na hura. Burodinmu, kun san shi, laushi da zaƙi. Wuƙa na hawa kansa sai ya kwanta ya lotse, abin da ya kamata ya fito a zagaye ya fito a karkace. Na shafa mai, na jera a kan waya bisa garwashi, na juya in ɗauko faranti. Kafin in waiwayo sukarin da ke cikinsa ya kama, gefe ɗaya baƙi ƙirin, ɗayan ɗanye. Na zauna da wuƙa ina kankarewa, ina lallashin kaina cewa a hotunan ma ai akwai ɗan duhu-duhu.

Shi cuku na ɗauka da ya ji wuta zai narke ya bi jikin burodi. Ina! Cukun Buzaye an yi shi ne don ya daɗe a jaka cikin zafin Sahara bai lalace ba, a ci da shayi ko a daka a zuba a fura. Abin da rana ba ta iya da shi ba, garwashina ne zai iya? Ya dai lanƙwashe gefe, ya ƙara tauri, ya yi wani ƙauri da ya sa akuyar maƙwabta ta bar gindin katanga. Kilishin da almakashi na yanka shi murabba'i, na ɗora a sama. Gaskiya daga nesa abin ya yi kyau. Har hoto na ɗauka.

Baƙi suka iso bayan La'asar, da ƙurar hanya da yunwar zaman makoki. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na kawo ruwa, na durƙusa muka gaisa, aka tambayi aiki, aka tambayi kaɗaici. Da na ce bari in kawo ɗan abin taɓawa, Kawu ya naɗe hannun babbar riga har kafaɗa, ya wanke hannu har gwiwa. Na dire faranti a tsakiya. Suka dubi farantin, sannan su ukun suka ɗaga kai suka dubi ƙofar da na fito, suna jiran mai ɗauke da langa.

Baffa ne ya yi ta maza. Ya yi bismilla ya gatsa. Kilishi ba ya yankuwa da gatsa ɗaya, kowa ya sani. Sai ya zame gaba ɗaya daga kan burodin ya yi lilo a kan gemu, burodin ya ruguje a gaban farar riga, cukun ya faɗi kan faranti da ƙara, ƙwal, kamar an jefa kwabo a tasa. Dattijon nan da haƙoransa suka yi saura kaɗan bai ce uffan ba. Ya ɓamɓare nasa cukun, ya tsoma a kofin ruwa, ya zauna jiran ya jiƙa.

Kawu bai ci ba tukuna, shinshinawa yake yi.

"Malam, wa ke jinya a gidan nan?"

"Babu kowa, Kawu. Man zaitun ne. Haka ake cin sa a Italiya."

"Italiya." Ya juya lomar a hannu. "Ba can ne yaran nan ke bi ta Agadas da Libiya, suna nutsewa a teku don su je ba?"

"Can ne, Kawu."

"Wannan suke zuwa ci?"

Suruki ba ya cin abinci gaban surukai, don haka ko damar cusa loma in toshe bakina ban samu ba. Ina tsugune a bakin tabarma ina zufa, sai ga sallamar yarinya daga gidan Iya, langa biyu a kai. Ashe uwargida tana ajiye wayata ta kira can. Tuwon masara ne da miyar kuka, man shanu na yawo a sama. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai tafiyar loma. Da suka kammala Kawu ya yi gyatsa, ya ce alhamdu lillahi, ashe dai akwai mutane a unguwar. Kilishin kuwa suka tsince shi tas, dattijon ya ƙulle a hankici zai kai wa jikoki. Burodi da cuku aka bar mini kayana.

Wajen rakiya Kawu ya ja ni gefe, ya dafa kafaɗata.

"Yaro, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa a matse yake, har mu manoma, balle ku 'yan albashi. Babu ba abin kunya ba ce. Amma mun zama ɗaya, bai kamata ka ɓoye mana ba."

Na buɗe baki zan faɗi abin da na kashe a kan farantin nan, ya ɗaga hannu ya ce kada in ce komai, ya gani da idonsa.

Kwana biyu tsakani motar Kabo ta sauke buhun masara a ƙofar gidana, da ƙullin kuka da daddawa. Labari kuma ya zaga dangi cewa mijin yarinyar nan ya kai ga cin ƙonannen burodi da maganin aljanu. Aka yi shawara, aka ce mai jego ta ƙara zama bayan arba'in, har maigidan ya ɗan farfaɗo.

Don haka duk mai karanta wannan da ke da hanya ta Kabo, don Allah ya tsaya ya shaida wa Kawu cewa albashina yana shiga, lafiyata ƙalau, a dawo mini da iyalina. Masarar dai kada a sa ran dawowarta, an riga an kai tiya biyu inji.