Filin Araha a Dogon Kiriya

Mutumin Yamai ya ji fili na araha a Dogon Kiriya, arewa da Dogon Dutsi, sai ya ɗauro kuɗi. Dillali ya kai shi tudu: "Alhaji, daga nan har inda idonka ya gaji." Fako ne, tsakuwa zalla, ko ƙarangiya yanga take masa. Fadamar Dallol Mauri kuwa, mai ita bai haukace ba.

Ruwa? Akwai rijiya, in jakinka na da haƙuri. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitin filaye. Ranar yin takarda a gaban kwamitin, magada suka yi ta ɓullowa, kowa da kakansa. Da damina ta sauka, shanu suka sanar da Alhaji rabin gonar burtali ne.