Mutanen da Za Ka Taras a Ajin MBA

Tun 1908, lokacin da Jami'ar Harvard ta Amurka ta buɗe makarantar kasuwanci ta fara ba da digirin MBA, ake tattara manyan mutane masu aikin yi, wasu har da furfura, a mai da su 'yan makaranta. A Amurka shekara biyu ake yi. Turawan Turai ba su da wannan haƙurin: Okusfod da Kambirij shekara ɗaya, makarantar INSEAD ta Faransa kuwa wata goma kacal. Wanda bai je ba zai ɗauka karatu ne ya tara jama'ar. Ana karatun, ba a ce ba a yi ba, amma neman aiki shi ne babban sha'ani, kuma ana fara shi tun kafin mutum ya gane hanyar ɗakin cin abinci. A makon farko ofishin nema wa ɗalibai aiki zai ce kowa ya matse tarihin aikinsa a shafi ɗaya tak. Daga nan tambaya guda ce ke yawo a bakin kowa: "To, in an gama, ina aka nufa?" Yadda mutum ya amsa ta, shi ke nuna maka ko wane iri ne.

Wanda zai amsa tun ba ka rufe baki ba shi ne Malam Abu-Uku. Shi ya san inda ya dosa tun yana gida: McKinsey, ko BCG, ko Bain, kamfanonin nan da ake biya maƙudan kuɗi su ba wasu kamfanoni shawara. Ganawar ɗaukar aikinsu ba ta tsaya ga "gaya mana ko kai wane ne" ba. Matsala ake dire wa mutum, a ce wani kamfanin jiragen sama ribarsa ta faɗi, me ya jawo, ko a ce ya ƙiyasta shagunan aski nawa ne a Landan, ba littafi ba waya. Saboda haka malam ya mai da rayuwarsa kaf atisaye. Duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi sai ya yi masa tambayar gwaji. Abin ya shiga jininsa har ba ya iya maganar da ba ta rabu gida uku ba. Ka ce masa ina za a ci abincin rana, sai ya nemi minti ɗaya ya tsara tunani, ya jawo takarda, ya ce lamarin ya rataya a kan farashi, da nisa, da tsawon layi. Kafin ya gama da na biyu an rufe kicin. Ranar da uwargida ta bugo waya daga gida ta ce kuɗin cefane ba su isa ba, tambayarta ya yi ko matsalar daga ɓangaren kuɗin shiga take ko daga ɓangaren kashewa. Ta kashe wayar.

Kusa da shi akwai Sarkin Gaisuwa. An gaya masa aiki ta hannun mutane yake zuwa, gaskiya ne kuma, sai ya ɗauki maganar fiye da yadda aka faɗe ta. Babu tsohon ɗalibin makarantar da bai aika wa saƙo a LinkedIn ba, kowa roƙonsa ɗaya: a ba shi minti goma sha biyar a sha kofi. Ya sha kofi har hannunsa na rawa. Yana gaisawa da kai idonsa na bayan kafaɗarka, ko wani wanda ya fi ka amfani ya shigo. Da ka ce a da ma'aikacin gwamnati ne kai, murmushin zai fara dusashewa. Ka ce kawunka na aiki a wani banki a Dubai, nan take ya tuna ashe tun ranar farko jininku ya haɗu. Ya kamata a ce Bahaushe ya fi kowa iya wannan fanni, tunda mu muka gaji gaisuwa, sai dai tamu ta iyali da gajiya ce, ba a liƙa mata takardar neman aiki a wutsiya. Kuma yawancin tarukan sanin juna a Ingila a mashaya ake yinsu, inda ɗan'uwa Musulmi zai yi awa biyu a tsaye riƙe da kofin lemo ɗaya, yana gyaɗa kai ga maganar da kiɗa ya hana shi ji.

A cikin aji kuwa mulki na Hannu-Sama ne, kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Tsarin koyarwar da Harvard ta yaɗa shi ne a ba ɗalibai labarin wani kamfani na gaske da ya shiga tsaka mai wuya, su karanta da dare, da safe a yi muhawara. A can aji ɗaya mutum wajen 90 ne, kuma magana a aji tana iya kai rabin makin ɗalibi. In ka gaya wa mutum casa'in masu ji da kansu cewa maki a baki yake, ka san abin da ka tayar. Hannu-Sama ba ya jiran a gama tambaya. Buɗe bakinsa kullum iri ɗaya ne: "Ina so in ɗora a kan abin da 'yar'uwa ta faɗa." Sai ya maimaita abin da ta faɗa, ya ƙara da labarin lokacin da yake aiki a wani wuri. Ranar da malami ya kira sunansa ba zato ya ce ya buɗe muhawarar da lissafin da ke shafi na ƙarshe, ranar ce aka gane bai taɓa kai wa shafi na ƙarshe ba.

Shugaba-Ba-Kamfani shi ba ya neman aiki, kuma yana so ka sani. Ya riga ya buga kati da sunansa, a ƙasa an rubuta "Mai Kafawa kuma Shugaba". Kamfanin dai suna ne da tambari da hotuna goma sha biyu da yake nuna wa masu zuba jari. A zangon farko manhajar kai abinci ce, a na biyu ta koma ta manoman Afirka, ko da yake bai taɓa riƙe fartanya ba. Ba ya gaya maka sirrin dabarar sai ka yi alkawarin ba za ka sace ba. Wata biyu kafin a gama za ka hange shi a layin ganawa da wani banki, sanye da kwat, yana kauce wa ido.

Wanda na fi tausayawa shi ne Akawun Naira. Kuɗin makaranta kawai a irin su Okusfod ya haura fam 70,000, ban da haya da ci da sha. Shi kuma ya yi lissafinsa ne lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin 2024 ta ƙare fam ɗaya ya haye naira 2,000. Tun daga nan bawan Allah ya daina ganin kaya a kanti, naira yake gani. Kofin shayi ya zama kuɗin cefanen yini. Aski ya zama abin da ake shawara da iyali. Idan 'yan aji suka shirya tafiyar buɗe ido zuwa Japan ko Maroko, wadda a nan ake kira "ƙulla zumunci", sai ya ce yana da wani uzuri na iyali, uzurin kuwa taliya ce da manja a ɗakinsa. Ba ya tambayar kamfani albashi nawa ne kafin ya tambayi ko suna ɗaukar nauyin biza. Ya haddace dokokin: a Ingila tun 2021 wanda ya gama ana ba shi izinin zama ya yi aiki na wani lokaci, daga nan sai ya sami kamfanin da zai tsaya masa; a Amurka kuwa bizar aiki ta H-1B guda 85,000 ake bayarwa a shekara, masu nema sun ninka haka, sai an yi ƙuri'a. Da za a yi jarrabawa a kan wannan, shi zai zo na ɗaya.

Akwai kuma Tsalle-Uku, mai son sauya ƙasa da sana'a da irin aiki a lokaci guda: injiniyan rijiyar mai ne daga Fatakwal, yana so ya zama mai tallan turare a Faris, Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Masu ba da shawara a ofis sun gaya masa ya zaɓi biyu. Ya ce ai don ukun ya sayar da filinsa.

Ɗan Gado shi hankalinsa kwance. Kowace ƙasa tana aiko da nata: ɗan masu masaƙa daga Indiya, ɗan masu shigo da kaya daga Labanon, namu kuma ɗan Alhaji daga Kantin Kwari ko Dawanau. Ba ya zuwa ganawa, kujera na jiransa. Abin mamaki, shi da ya fi kowa barci a aji ya fi kowa sanin abin da ake koyarwa. Malami zai cika allo da lissafin yadda kuɗi ke maƙalewa a kaya da bashi, shi kuwa tun yana firamare yake ganin ana loda wa ɗan kasuwa daga Agadas atamfa ta miliyoyi a kan amana, ba takarda ba sa hannu, a kuma biya. Matsalarsa tana gaba, ranar da zai koma ya buɗe kwamfuta ya nuna wa Alhaji tsarin gyara kamfani na shekara biyar. Alhaji zai saurara har ƙarshe, ya sa masa albarka, ya ce ya je ya duba ko motar Legas ta iso.

Makarantun nan suna raba ɗalibai rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida daga ƙasashe dabam-dabam, a ba su aiki ɗaya da maki ɗaya. A kowane rukuni akwai Ina-Nan-Tafe, wanda ba a ganinsa sai a WhatsApp, yana aiko da babban yatsa. Daren miƙa aiki zai bayyana ya sauya launin rubutun shafin farko, da safe kuma shi zai nemi ya gabatar.

Aikin da ya gabatar kuwa Uwar Rukuni ce ta yi shi. Ita ta zo da shekara goma na aikin banki ko asibiti a bayanta. Tun Janairun 2024 Ingila ta hana masu irin wannan digiri zuwa da iyali, don haka 'ya'yanta suna gida wajen kakarsu, tana duba musu aikin makaranta ta waya tsakanin lacca da lacca. A Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ita ta san ɗakin da ba kowa inda za a yi Magariba. Ita ke raba aiki, ita ke bin kowa, ita ke gano cewa lissafin Malam Abu-Uku ya zarce da sifili ɗaya. Ba ta ɗaga hannu sai tana da abin faɗa, shi ya sa makinta na magana bai taka kara ya karya ba. Idan ka tambaye ta ina aka nufa in an gama, sai ta ce bari dai a miƙa aikin Alhamis tukuna.

Masu kamfanoni, na gida da na waje, idan takardun mutanen nan suka zo teburinku, duk za ku ga an rubuta "ƙwarewar jagoranci". Kada ku tsaya a nan. Ku nemi 'yan rukuninsu ku tambaya wa ya yi aikin, sannan ku ɗauki wadda aka ambata, ku biya ta da kyau.