Shinshinawa Kyauta Ce

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, katan ɗin turaren Bintu Sudan ya zama amarya: daga Kano zuwa Gusau, Shinkafi, Isa, har Sabon Birni, kowace tasha sai an sayi baki. Direba kuma ya ɗora nasa na kasadar hanya, wa zai ce masa don me?

To, kaya sun iso, ga mai saye ranar Juma'a.

"Alhaji, ɗan buɗe wannan in ji."

Ya ɗiga a tafin hannu, ya murza, ya shafe gemu da wuyan riga. Da jin kuɗin sai ya yi salati, ya ce, "Allah ya kawo kasuwa," ya nufi sahun gaba yana ƙamshi.