Yadda Motar Wasa Ta Riga Ni Gaishe da Surukina

Gara in ba da labarin nan da bakina tun kafin yaran Fagge su ƙara masa gishiri, don na ji har sun fara cewa wai da gangan na yi.

Ƙanina mai zuwa Sin saro kaya ne ya kawo mini motar. Ba irin ta 'yan yaye ba ce da ake tallarta a bakin danja lokacin sallah. Ta tsere ce, mai rimot, an rage girman motar rairayi sau goma, tsawonta kusan kamu ɗaya, ƙafafun baya ke ja. A Turai da Amurka da Japan masu furfura ne ke ƙarar da albashinsu a kanta, na faɗi haka don a san ba ni kaɗai ba ne. Har hukumar duniya gare su, IFMAR, wadda ta fara gasar irin waɗannan motoci masu batir a 1985, kuma dokarta ta ce mai jan ƙafa biyu kada nauyinta ya gaza gram 1,474, mai jan ƙafa huɗu kuma 1,588. Ana ɗora mota a sikeli, in ta gaza an soke gudunka.

Daga batir rigimar ta taso. Wanda ta zo da shi tsohon yayi ne, ƙwaya shida a naɗe cikin leda, nauyinsa ya haura gram 300. Na musanya shi da na zamani da ake kira LiPo, ya fi ƙarfi, ga shi sakayau. Shi ke nan mota ta haukace. Ina jan kunamar rimot sai ta ɗaga ƙafafun gaba sama kamar dokin ɗan sarki ranar hawan Daushe, ta kife ta baya, tayoyi na juyawa a iska. Masu wannan harka sun san maganin: a ƙara nauyi, a ajiye shi ƙasa-ƙasa, kuma inda aka ajiye shi ya fi yawansa muhimmanci. Nauyi a baya yana sa taya ta kama ƙasa, nauyi a gaba yana sa mota ta ji sitiyari. Su can faranta na tagulla suke saya, an auna an yanka. Ni kuwa Sabon Gari na nufa.

A cikin kasuwa na roƙi wata mai kifi ta ara mini sikelinta. Ta kalli motar, ta kalle ni, ta kalli gemuna, sannan ta ture kifi gefe ba ta ce uffan ba. Allura ta nuna saura kusan gram 200 a cika ƙa'ida. Daga nan na wuce shagon masu daidaita tayar mota, na sayi dalmar nan da suke mannawa a cikin wili, ƙanana masu gram 5 da masu gram 10, da gam a bayansu.

A nan Allah ya haɗa ni da Baba direba. Yana zaune a benci yana sakace, tsohon direban gingimari ne, ya ce tun ana bin tsohuwar gadar Jebba yake kai lodi Legas. Ban nemi shawararsa ba. Ya miƙo hannu ya karɓi motar, ya kara ta a kunne, ya girgiza.

"Kafireto ne, ɗana."

"Baba, ai ba ta da kafireto. Lantarki ce."

"To ka gani! Mota ba kafireto ai dole ta yi hauka."

Ya matsa taya da babban yatsa, ya ce in rage iska. Na ce babu iska, soso ne a ciki. Ya yi salati, ya ce duniya ta zo ƙarshe. Ya nemi fulogi bai gani ba, ya nemi kulochi bai gani ba, ya tambayi inda ake zuba ruwan lagireto. Da komai ya ƙare masa sai ya gyara zama, ya kawo shawarar da har gobe nake jin daɗinta. Ya ce duk motar da ba ta da karen mota marainiya ce. In samo jangwada ƙato, in ɗaure shi da zare a kan bonet. In mota ta karya kwana dama, shi da kansa zai karkata hagu don tsoron faɗuwa, ka ga lodi mai gyara kansa ke nan, kuma ba ya neman kuɗin abinci. Na ce a ina zan samu ƙadangaren da zai yarda? Ya ce su a zamaninsu ba a tambayar yaron mota ko ya yarda.

Da na ƙi ta ƙadangare, sai ya ce to in tara dalmar duka a hanci, tunda hancin ne ke tashi. Wannan kam ta yi kama da hankali. Muka manna gram 200 cif a bayan bamba. Ban gayyace shi ba, amma da na tsayar da a-daidaita-sahu zuwa Fagge sai na tarar ya riga ni shiga, kuma ni na biya.

Wani layi muka samu a bayan Kantin Kwari, kwalta ce amma yashi ya rufe rabinta. An idar da la'asar ke nan. Na ajiye mota, na ja kunama. Wayyo daɗi! Ta miƙe sambal, hanci a ƙasa, ƙura na bin ta. Yara suka watsar da motocinsu na kara da na gwangwani suka biyo ta da ihu. Baba direba yana ta faɗin, "Ba ta wuta! Sa mata giya huɗu!" Giya ɗaya gare ta, amma na ba ta wuta.

Sai ga dattawa sun karyo kwana daga masallaci.

Na tura kunama gaba, wato burki. To irin wannan mota ba ta da burki a ƙafafun gaba. Injin ne ke riƙe tayoyin baya, baya kuwa mun bar shi fayau, duk nauyi yana hanci, ga yashi. Tayoyin suka tsaya cak, motar ba ta tsaya ba. Ta zame, ta murguɗa gindi, ta sake miƙewa, kilo ɗaya da rabi da gudun da ya kai na babur, ta zaɓi dattijon da ke tsakiya, mai farar babbar riga ta gezna da ta sha bugu, ta shige ƙarƙashin rigar ta ɓace.

Na ji ƙarar. Ƙwas! Dalma ce ta gamu da idon sawu. Takalmi ɗaya ya yi gabas, carbi ya yi sama, dattijon ya ɗaga ƙafa yana "A'uzu billahi! Mene ne? Maciji ne?" Ya waiwayo, hula ta karkace.

Alhaji ne. Surukina. Mutumin da tun da na auri 'yarsa ko gyaɗa ban taɓa tauna a gabansa ba, wanda in na hango shi a layi nake sake hanya don kunya.

Abin da ya biyo baya shi nake ta maimaitawa a raina kowane dare, kuma kullum sai na ga inda da na tsira. Da na jefar da rimot a kwata. Da na miƙa wa yaron da ke kusa da ni. Da na suma. Abin da jikina ya yi shi ne abin da ya saba: na cire takalmi, na zube ƙasa, na kai hannuwa baya don in ɓoye rimot. Ɗan yatsana kuwa yana cikin kunama.

"Barka da yamma, Baba."

Ziiiiii! in ji rigar.

Alhaji ya yi tsalle. Dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda sai an kama shi yake hawa mota, ya tashi sama da ƙafa biyu. Na ƙara dunƙule hannu don firgita, motar ta ƙara ihu, tayar baya ta cafki gefen rigar ta fara naɗewa. Ina durƙushe ina kallon shadda tana shigewa cikin gatarin taya kaɗan-kaɗan, rigar tana zamowa daga kafaɗarsa ta hagu, aikin wuyan yana komawa hammata.

"Mun same ku lafiya, Baba?"

Ziiiiii!

Wallahi ban san me ya sa na ci gaba da gaisuwar ba. An fara ta ne, ba a yanke gaisuwar suruki a tsakiya. Na tambayi gida, rigar ta amsa. Na tambayi kasuwa, rigar ta amsa. Wani dattijo ya ɗaga sanda zai kashe abin, wani yana tofa addu'a. Alhaji ya dafe rigarsa da hannu biyu ya daka tsawa:

"Wane ɗan banzan yaro ne mai wannan abu? Ina ubansa?"

Layin ya yi tsit. Yara wajen ashirin, ba wanda ya yi magana, suka ɗaga yatsa a tare suka nuna ni.

Ya dube ni. Ya dubi hannuwana da ke baya, inda eriyar rimot ta leƙo ta gefen ƙuguna. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, a hankali, "Au. Malam, kai ne? Sannu da aiki."

Nan Baba direba ya ratso taro yana haki. Ya tsuguna a gaban Alhaji ba ko sallama, ya ɗaga gefen rigar ya leƙa, ya daɗe yana nazari, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, kada ka motsa, ka ɗan yi ribas." Ya juyo gare ni: "Na gaya maka. Da jangwada na kai, da tun daga nesa ya hango Alhaji ya yi tsalle, kai kuma ka san akwai mutane." Ya ƙara da cewa duk da haka a duba kafireto.

Sai da aka aro almakashi wajen wani tela aka yanke rigar kafin motar ta saki. Alhaji ya karɓe ta, ya jinjina ta a hannu irin na mutumin da ya shekara arba'in yana auna dila a Kwari, ya ce, "Tana da nauyi." Na ce, "Ƙa'ida ce, Baba." Ya saka ta a hammata ya tafi da ita yana ɗingishi, takalmi ɗaya a ƙafa, wani yaro na biye da ɗayan.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Uwargida ta buɗe ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa, direba," ta koma ciki tana riƙe da ciki.

Mai karatu, in ka san shagon da zan samu farar gezna yadi goma a Kantin Kwari, wanda mai shagon bai san Alhaji ba, don Allah ka taimaka mini da kwatance kafin Juma'a.