Jinjina ga Gwarzon Farantin Sallah

Allah ya ja zamanin gwarzon faranti, toron giwar gidan biki, dodon alkaki, mai hana nakiya kwana a kwano! Ranka ya daɗe, duk shekara da an ga jinjirin watan Shawwal mu talakawanka mukan ja gefe mu ba ka fili, domin aikin da kake gamawa cikin kwana uku ya gagari ƙarti goma.

Wata guda cur kana kame baki daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana. Tumbi ya soma sauka, gwiwa ta daina ƙara, numfashi ya daidaita a kan matakala. Wani mai ƙaramar zuciya da sai ya lallaɓa wannan sauƙi ya riƙe abinsa. Kai kuwa ba a cin bashinka a kwana lafiya: duk abin da azumi ya karɓa, kafin a watse daga Hawan Daushe ka karɓo shi har da riba.

A dubi yadda kake tunkarar alkaki. Alkama ce aka kwaɓa, aka murɗa, aka soya a mai, aka tsoma a ruwan sukari har ta sha ta ƙoshi. Kakanninmu, da ƙarancin himmarsu, ɗaya ko biyu suke ɗauka a garar amarya, su rufe saura a kwalla ya yi watanni. Kai sai ka gyara zaman malum-malum, ka naɗe hannun riga, ka ɗauka da yatsu uku, zaƙin na gangarowa har wuyan agogo, ba ka ɗago kai ba sai ka ga zanen furen da ke gindin faranti. Daga nan dubulan ya miƙa wuya, tuwon madara ya bi sahu, gullisuwar da yara suka ɓoye a bayan talabijin ma ba ta tsira daga basirarka ba. Cincin kuwa a aljihu yake tafiya, guzurin hanya tsakanin wannan gida da na gaba.

Masu hassada ba su taɓa rasa abin faɗa ba. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum zai sha a yini ya wuce kusan giram 50, ƙaramin cokali goma sha biyu ke nan, in ma da hali a tsaya a shida. Robar lemo guda tana iya cinye wannan kaso ita kaɗai, kai kuwa kafin a kira azahar ka kwantar da uku, ka kora da zoɓon da cokali ke tsayawa a cikinsa. Ko da gwamnatin Najeriya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a 2022, ba ka ja da baya ba. Ina ɗan kishin ƙasar da ya kai ka cika baitulmali?

Malamai sun sha karantar da mu a raba ciki gida uku, abinci da ruwa da numfashi. Kai ma, don girmama ilimi, uku ka raba: kashi ɗaya na alkaki, ɗaya na nakiya, ɗaya na lemo. Numfashi ya nemi masauki a wani wuri.

Batun motsa jiki kuwa, nan ne ka yi wa sa'o'inka zarra. Filin idi yana nan bayan layinku, tsofaffi masu sanda suna takawa su dawo ta wata hanya, amma martaba irin taka ba ta haɗuwa da ƙura, sai a mota, gilashi a rufe. Likitoci sun ce a motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, hannunka na dama kuwa ya cika wannan adadi tun ranar Sallah, tsakanin faranti da baki. Da yamma ka zauna a rumfa dawaki suna sukuwa a madadinka.

Kada a manta da mataimakan sarki. Allah ya saka wa Hajiya, wadda ke tsaye a kanka tana cewa, "Ci mana, Alhaji, ko ka raina ne?" Allah ya saka wa abokan majalisa masu shafa tumbinka suna cewa hutu ya zauna. Ga kuma manyan gobe a gefen tabarma, kowa da alewa a kumatu, suna koyon sarauta daga tushe.

Tubarka ma ta manya ce. Bayan Sallah sai ka yini ba ka sa komai a baki ba, ka yi ta zagin tuwo kamar shi ya yi laifin, dare na yi ka rama da kwano biyu. Ka sayi shayin rage tumbi a bayan motar mai lasifika, wanda ke maganin basir da shawara da sanyin ƙashi a lokaci guda. Takalmin gudu kuwa yana nan a kwalinsa tun bara, sabo fil, shaidar cewa kai mai adana kaya ne.

Da ƙishirwa ta ƙi yankewa, fitsari ya riƙa tashinka sau huɗu a dare, ido ya soma gani dishi-dishi, likita ya auna jini ya kawo maka ƙaramar shawara irin ta talakawa: a ci alkaki ɗaya a ji daɗinsa, a rage lemo, a taka rabin awa bayan la'asar. Ka dube shi da tausayi, ka sanar da shi cewa ciwon suga na gado ne, kuma abin da ya shiga ciki shi ne naka.

Huta gajiya, namijin duniya. Saura wata biyu da kwana goma Babbar Sallah, an riga an ɗaure rago, Hajiya ta aika a sayo jarkar mai, kitse kuma ya san mai shi.