Tsohuwar da Ta Ce Ta Daina, Kuma Ta Daina

A garin Malibu na jihar Kalifoniya akwai wata tsohuwa mai furfura fari fat, sunanta Grace Slick, wadda ta aikata abin da ya gagari zaratan mazan kiɗan rok na Amurka da Ingila. Ta ce ta daina waƙa, kuma ta daina. Tun wajen 1990 ta ajiye makirfo ta ɗauki burushin zane, kuma in ban da leƙe ɗaya ko biyu da ta yi wa tsofaffin abokan aikinta a dandamali, babu wanda ya sake ganin takardar talla da ke cewa ta fito yawon wasa. Mai karatu zai ce to mene ne abin labari a nan, ai kowa ya tsufa hutawa yake yi. Ka yi haƙuri ka ji halin mutanen da take cikinsu tukuna.

Ba wai muryar ce babu ba, ko sunan. An haife ta a 1939, ta shiga ƙungiyar Jefferson Airplane ta birnin San Francisco a 1966, ta zo musu da waƙoƙi biyu a hannu, kuma a 1967 duka biyun suka shiga sahun goma na farko a Amurka. Ɗaya, White Rabbit, ita ta rubuta da kanta. Ta ɗauko tatsuniyar yarinya Alice da farin zomo, wadda Lewis Carroll ya wallafa a 1865, ta yi wa iyaye hannunka mai sanda: kun raini yara da labarin yarinyar da ke haɗiye abin da ba ta sani ba tana tsawo tana gajarta, yanzu kuma kuna salati don sun girma sun kama ƙwaya. Gidajen rediyo suka yi ta sa waƙar ba dare ba rana, iyayen da ake yi wa zambo suna gyaɗa kai a mota. A bikin Woodstock na Agustan 1969 an shirya za su yi wasa daren Asabar, ba su samu hawa ba sai da gari ya waye ranar Lahadi, ta tsaya cikin fararen kaya ta tashi dubban ɗaruruwan matasa daga barci a cikin taɓo.

Rashin jinta kuwa ba a magana. A 1970 'yar Shugaba Nixon, Tricia, ta kira tsofaffin ɗaliban kwalejin Finch shan shayi a fadar White House. Ma'aikatan fadar suka aika wa wata Grace Wing katin gayyata, ba su san ita ce Slick ba, sunan gidansu ke nan. Ta taho da ɗan tawayen nan Abbie Hoffman a matsayin ɗan rakiya, da ƙwayar LSD a ɓoye, da niyyar ta jefa wa shugaban ƙasa a kofin shayi. Masu gadi suka gane su tun a bakin ƙofa. Ita da bakinta take ba da labarin, tana dariya.

To irin wannan matar ce ta kai shekara hamsin ta dubi madubi ta yanke hukunci. Ta sha faɗa a hirarraki cewa duk ɗan rok da ya haura hamsin yana tsalle a dandamali wauta yake nunawa, gara ya koma gida. A ganinta akwai kiɗan da ake tsufa da shi, amma rok na matasa ne masu neman inda za su sauke fushi. Kana iya ƙin yarda da ita. Abin da ba za ka iya cewa ba shi ne ta kafa doka ta tsallake, domin kanta ta fara yi wa aski.

Sauran fa? Kowa ya san baƙon nan da ke cewa “bari in tashi” tun la'asar, ya sa takalmi ƙafa ɗaya, ya tuna wani labari, ya koma ya zauna, a raka shi zaure ya buɗe sabon babi, har mai gida ya ce a ƙaro tuwo. Haka mawaƙan rok suke, sai dai su duk sallama ɗaya sai an biya su.

Ƙungiyar The Who, wadda ta yi suna a 1965 da waƙar da ta yi wa tsufa tofin Allah tsine, ta yi yawon ban kwana a 1982, aka rufe a Toronto ana share hawaye. A 1989 sai ga su. A 2025 suka sake shelar ban kwana, mawaƙinsu Roger Daltrey yana da shekara 81. Wanda ya yi kuka a ban kwanan farko yana saurayi, jikansa ne ya riƙe masa sanda a na biyu. Marigayi Ozzy Osbourne ya yi sallama a 1992, bayan shekara uku ya dawo da wani yawon da sunansa kansa ke cewa ritaya ba daɗi. Shi ko ba komai ya faɗi gaskiya. Elton John ya fara sanar da barin dandamali tun 1977 a Landan, sa'an nan ban kwanansa na baya-bayan nan ya faro a 2018 bai ƙare ba sai Yulin 2023, wasa sama da 300, kuɗin shiga sama da dala miliyan 900. Wace irin sallama ce ake shekara biyar ana yi?

Amma gwanayen abin su ne Mötley Crüe. Su sun san jama'a sun gaji da ƙarya, don haka a Janairun 2014 suka tara 'yan jarida, suka zauna a gaban kyamara, suka sa hannu a takardar yarjejeniya ta lauyoyi cewa daga ƙarshen 2015 ba su ba yawon wasa har abada. Suka yi na ƙarshe ranar 31 ga Disamba, 2015 a Los Angeles. Jama'a suka ce kai, waɗannan da gaske suke, tun da har da lauya. A Nuwamban 2019 suka saki bidiyo suna tarwatsa takardar da nakiya. Sa hannu a gaban kyamara, warwara a gaban kyamara, kuma masoyan da aka yaudara su ne suka fi kowa tafi. KISS kuwa, masu fentin fuska, sun yi ban kwana a 2000, suka ci gaba da harkarsu kamar ba a yi ba, suka sake wani daga 2019 zuwa Disamban 2023 a birnin Niyok. A daren ƙarshen, kafin hawaye su bushe, aka nuna wa 'yan kallo surorinsu na kwamfuta waɗanda za su ci gaba da wasa a madadinsu. Bayan 'yan watanni suka sayar da waƙoƙinsu da sunansu da kamanninsu ga kamfanin Pophouse na Suwidin. Wato yanzu ko mutuwa ba za ta raba su da tikiti ba.

Sai babban yaya, Mick Jagger na Rolling Stones. A 1975 ya shaida wa wata mujalla cewa gara ya mutu da a ce yana rera Satisfaction yana ɗan shekara 45. A 2024 ya rera ta yana ɗan 80, yana gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma wadda ta ɗauki nauyin yawon ita ce AARP, babbar ƙungiyar dattawa da 'yan fansho ta Amurka. Da marubucin wasan kwaikwayo ne ya ƙirƙiro wannan, da an ce ya cika gishiri. Shi dai Jagger a yi masa adalci: bai taɓa yaudarar kowa da yawon ban kwana ba. Bai ce zai tashi ba, ya shimfiɗa tabarmarsa ne kawai.

Ni a wurina laifin ba na mawaƙan ba ne kaɗai, kuɗi masu gidan rana ba su bar kowa ba. Babban laifin na masu kallo ne. Waɗannan su ne matasan da taken zamaninsu shi ne kada a yarda da duk wanda ya haura shekara talatin. Yau ka je filin wasa ka gan su: sanƙo a gaba, ɗan guntun gashi a ɗaure a ƙeya, rigar fata ta ƙi rufuwa saboda tumbi, maganin hawan jini a aljihu, an ɗaga waya sama ana ɗaukar hoton da ba wanda zai kalla. Da an kai rabin wasa layin ban ɗaki ya fi na mashaya tsawo. In an tashi su fito suna cewa kiɗan yaran yanzu hayaniya ce kawai, kalma bisa kalma abin da ubanninsu suka faɗa musu a 1967. Ba mawaƙin suka zo gani ba, ƙuruciyarsu suka zo nema, kuma muddin tsohon can yana iya tsalle to su ma da saura. Shi ya sa mawaƙin da ya ce ya tafi ya dawo ake yafe masa nan take, wanda ya tafi da gaske kuwa ake jin haushinsa a ɓoye. Slick ta gaya musu abin da madubi ke gaya musu kullum safe.

Kada a ɗauka waliyiya nake bayarwa labari. A 1978 a birnin Hamburg ta hau dandamali a buge ta yi ta tsokanar Jamusawa da zancen yaƙin duniya, abin da ya raba ta da ƙungiyar na ɗan lokaci. Tun kafin wannan lokacin sunan ƙungiya ya riga ya koma Jefferson Starship, bayan ta dawo kuma rigimar kotu ta yanke masa kai ya zama Starship kawai. A ƙarƙashin wannan suna aka fitar da We Built This City a 1985, ta hau lamba ɗaya a Amurka, kuma a 2004 mujallar Blender ta ɗora ta a kan jerin waƙoƙin da suka fi kowanne muni. Slick ba ta tsaya kare ta ba, ita ma cikin masu kushe ta take. A lokacin tana da shekara 46, babu macen da ta taɓa kaiwa lamba ɗaya da shekaru masu yawa haka, sai ita ta sake karya tarihin da wata waƙar Starship a 1987, kafin Cher ta karɓe a 1999. Mai yiwuwa a nan ta ga abin da ta gani. Macen da ta taɓa nufar kofin shugaban ƙasa da ƙwaya ta tsinci kanta tana rera abin da ita kanta ba ta so, don kamfani na so. Jiki magayi.

Ita ta huta, amma kayanta ba su huta ba. White Rabbit ta shiga fim ɗin Platoon a 1986, ta sake fitowa a tallan fim ɗin Matrix na 2021, Patti Smith da Pink duk sun sake rera ta. Waƙar Starship ta 1987 ta koma tallan soyayyar kaza a 2017. Sunan ƙungiyar ma ya rabu gida biyu, akwai Jefferson Starship da wata mata, Cathy Richardson, ke rera baitocin Slick, akwai kuma Starship ta Mickey Thomas, kowa na yawo da nasa kason gadon alhali mai kayan tana raye tana kallo. Zanenta kuma, me kake tsammani masu saye suka fi so? Farin zomo, da hotunan abokanta da suka riga mu gidan gaskiya irin su Janis Joplin da Jerry Garcia. Ta gudu daga zomo a waƙa, ya biyo ta a fenti.

Wani ɓangaren gadon wannan zamani har ya iso mu ta hanyar da masu shi ba su zata ba, wato dilar gwanjo. Ka leƙa Ƙofar Wambai a Kano, ko ka dubi 'yan acaɓa da masu tura ruwa, ba za ka rasa baƙar riga mai hoton jan harshe a waje ba, ko wasu mutum huɗu masu fentin fuska kamar dodanni. Mai rigar bai san Jagger ba, bai san KISS ba, ya ga yadi mai kauri ne da araha. Kada a yi masa dariya. Yaran Amurka da ke sayen irin rigar sabuwa fil da tsada, da yawansu ba za su iya kawo sunan waƙa uku ba. Namu ya fi su wayo, shi ko ba komai bai biya kuɗin banza ba.

Inda tasirinta ya fi fitowa shi ne wajen mata. Ita da Joplin suka nuna cewa mace na iya tsayawa a gaban ƙungiyar maza masu jita ta zama ita ce jagora, ba 'yar amshi ba. Stevie Nicks ta Fleetwood Mac ta sha ambaton su biyun cikin waɗanda ta koya daga gare su. Ta koyi tsayuwar, ta koyi kallon, ta koyi yadda ake cika fili da murya. Darasin ƙarshe ne dai ba ta halarta ba: an haife ta a 1948, ta haura saba'in da biyar tana yawon wasa. Kowa na yabon Slick da cewa ta san lokacin tafiya, kuma duk mai yabon yana faɗa ne a kan hanyarsa ta zuwa filin jirgi.

Ina da shawara ga masu kula da gidan tarihin rok da ke Cleveland. Ku ware ɗaki na musamman ga mawaƙan da suka ce sun tafi kuma suka tafi. Ba sai kun kashe kuɗi ba, ɗan ƙaramin ɗaki ya isa, kujera biyu: ɗaya ta Slick, ɗaya ta marigayi Bill Withers da ya bar sana'ar a 1985 bai waiwaya ba. Kada ma ku wahalar da kanku da shirya bikin buɗewa. A 1996 da aka karrama Jefferson Airplane, rashin lafiya ya hana ta zuwa, mazan ne suka hau dandamali suka yi kiɗansu.