Kifi Ya Hau Mota, Jariri Ya Sha Ruwan Koko

A ƙasar Yauri, da zarar jariri ya kai wata uku sai a kafa masa majalisa. Kakarsa ta wajen uba ce shugaba, gwaggo mataimakiya, maƙwabciya kuma ta leƙo ta kan katanga ta ba da fatawar da ba wanda ya nema. Uwar yaron tana gefe. In ɗan fari ne ma ko sunansa ba ta iya kamawa don kunya, balle ta tsoma baki a kan abin da za a zuba masa a ciki. Shi kuwa mai cikin, kuka ne kaɗai ƙuri'arsa, kuma kowane irin kuka ya yi fassara ɗaya majalisa take yi masa: yunwa.

"Nonon nan ba ya isarsa," in ji Inna. "Dubi yadda yake bin hannuna da ido in ina cin tuwo."

"Inna, a asibiti sun ce sai ya cika wata shida, ko ruwa kada a ba shi," in ji surukar, kanta a sunkuye.

"Ko ruwa? A wannan zafi na Yelwa? Ga kogi a ƙofar gida, a bar mini jika da ƙishirwa? Shi ubansa da me na raine shi?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ba a amsa ta, domin uban yana nan da ransa, ƙato, yana jan taru. 'Yan'uwansa da ba su kai yaye ba kuwa, ba a sa su a lissafi.

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan nono zalla har wata shida, sannan a fara abinci a ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwan da ba a ɗebo a bakin tafki ba. Amma majalisa ta fi amincewa da na randa, a ɗan ɗiga zuma a ciki, alhali likitoci sun hana ba yaro zuma kafin ya shekara saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya da ita ba tukuna. In cikin ya ɓaci, mai laifi a shirye yake: haƙori. Zawo haƙori, amai haƙori, zazzaɓi haƙori. Ban san wanda aka zalunta a ƙasar Hausa kamar haƙorin jariri ba, ana yanke masa hukunci tun bai fito ba.

Daga nan sai ɗura. Wanda bai taɓa ganin ɗura ba ya yi asarar kallo, ko kuma Allah ya rufa masa asiri. A dama gasara, a yi ta bulbula mata ruwa har sai mutum ya iya hango gindin kwano. Inna ta miƙe ƙafa, ta kwantar da yaro a cinya, ta danne hannuwansa da gwiwar hannu, ta dunƙule tafinta a bakinsa ta cika shi da koko. In ya ƙi haɗiya, sai ta toshe hancin da ɗan yatsa. Yaro ya buɗe baki neman iska, koko ya samu hanya. Ya yi tari, ya yi ja, ciki ya tashi tim, Inna ta ƙwanƙwasa shi da yatsa ta ce, "Ka ji, yanzu ya ƙoshi." Ba ta san wani kokon a huhu yake sauka ba, wanda ya isa ciki kuma ruwa ne aka cika masa ɗan tumbin da bai wuce kofin shayi ɗaya ba. In yaro ya rame, sai a dube shi a dubi ubansa a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wallahi wannan albasar ta yi halin ruwa, tunda shi kaɗai aka ba ta.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne inda ake yin duk wannan. Ba a tsakiyar hamada muke ba. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye gungunan kakannin Gungawa, aka tashi dubban mutane aka sake musu matsuguni, abin da aka samu a madadin ƙasar shi ne kifi. Daga Wara ta Ngaski har bakin ruwan Shanga, giwan ruwa ne, tarwaɗa, ƙarfasa, ƙurungu. Sarkawa su kama, mata su yi banda, a ɗaure kwali-kwali a loda wa motocin Anacha da Legas. Ga kuma warangi, ɗan ƙaramin kifin nan da ake shanyawa a rana a auna da mudu, wanda ake ci har ƙashi da kai, don haka ya fi manyan kifaye ba da sinadarin gina ƙashi. Masu haɗa abincin kaji sun san darajarsa, suna saye su niƙa. Wato kazar gidan gona a Badun tana cin warangin Yauri tana ƙiba, ɗan wanda ya kama shi yana shan ruwan gasara.

Ka ce a daka a zuba wa yaro cokali ɗaya a koko, sai a ce ƙaya. Ka ce ai turmi da rariya sun gama da ƙaya, sai a ce ƙarni. Nama? Yana sa tsutsar ciki. Ƙwai? A'uzubillahi, so kake ya tashi ɓarawo? Na daɗe ina sauraron shari'o'i, ban taɓa jin alƙali ya tambayi ɓarawon akuya ko an ba shi ƙwai yana wata bakwai ba. Masu wawurar baitulmali kam mai yiwuwa sun ci ƙwai da yawa, amma bayan sun hau kujera.

Akwai kuma jam'iyyar adawa, 'yan gwangwani. Su sun waye, ba ruwansu da ɗura. Gwangwanin Cerelac yana saman kabad a tsakiyar jeren kwanonin amarya, inda duk mai shigowa barka zai fara gaisawa da shi. Ana ɗaukarsa hoto tare da yaro a ɗora a WhatsApp. Sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin maigida, don haka gwangwanin kwana biyar sai an kai shi wata: a ɗebi rabin cokali, a cika kofi da ruwa, a koma inda Inna ta tsaya, sai dai wannan tsinkakken ya fi tsada. In ya ƙare ba a yar da shi, ana zuba garin gero a mayar da murfi, don kada baƙi su ga gurbi. A 2024 wata ƙungiya ta ƙasar Switzerland mai suna Public Eye ta fitar da rahoto cewa irin wanda ake sayarwa a Afirka, har da Nijeriya, ana ƙara masa sukari, na wasu ƙasashen Turai kuwa babu. Da labarin ya iso, wata ta ce ai shi ya sa namu ya fi daɗi.

Abin dariyar, garin da ma'aikatan lafiya suke ta koya wa mata, wanda ake kira Tom Brown, kayan rumbunmu ne kaf. Ƙungiyar likitoci ta MSF, mai cibiyar kula da yara masu tamowa a Maiyama, tana cikin masu yaɗa shi a jihar nan ta Kebbi. Awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗar, a soya kowanne dabam, a surfe ƙowar waken, a kai inji. Mu da muke bakin ruwa sai mu ƙara garin warangi, da ɗigon manja ko garin zogale. A dama shi da kauri yadda zai zauna a cokali in an karkata, ba gishiri ba sukari, a ba ɗan wata shida sau biyu zuwa uku a yini, da cokali, da rarrashi, yana zaune hancinsa a buɗe.

Gidajen da suka karɓi wannan shawara sun gamu da matsalar da asibiti bai hango ba: garin yana da daɗi. Ƙamshin soyayyar gyaɗa yana fita har zaure. Yayyen jariri su fara da lasar cokali, gwaggo ta ce likita ya hana ta zama da yunwa, Inna da ta rantse ba za a ba jikanta abincin boko ba ta aiko da kwanonta. Maigida kuwa ya dawo daga su da asuba, ya tarar da tukunya a kan murhu, ya juye rabi a babban kofinsa.

"Malam, na yaro ne fa."

"Na sani. Ɗanɗana masa nake yi, kada a cuce shi. Miƙo mini sukari."